Nauyin Inna

Lahadi da dare, Adjamé

Yau na gwada hanyar tudun bayan gari, wadda ke bin tsohuwar magudanar masu lambu. In rikicin nan ya rufe tituna, ta nan za mu fita, ga shi Inna ba ta iya tafiya. Shi ya sa na goya buhun shinkafa, kusan nauyinta. Sau uku na huta. Inda hanyar ta matse, santsi ya kwashe ni, na saki buhun na cafke saiwa. Ko tunani ban yi ba.

Da na dawo Inna ta ce, "Babana, ina shinkafar?"

Na ce ta faɗa magudana.

"Bar ta, tunda kai ka tsira."

Na kasa kallon ta.