Kafaɗar Takwararki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin san gudu ne ya sama wa takwararki gurbi a makarantar masu hali, inda nake shara. Ranar Talata likitan makarantar ya auna 'yan tsere. Na ajiye tsintsiya na raɓe a bayan iyaye, suna ta hirar yadda 'ya'yansu suka fara koyon iyo tun suna shekara uku. Da aka zo kanta ya sa ta sunkuya, ya daɗe yana kallon bayanta. Sai ya kira ni ya nuna min: kafaɗar dama ta sauka, ƙashin baya ya fara karkata. Ya tambayi abin da take ɗauka.

Yaya, kamar in nutse. Tun tana shekara bakwai ita ke hawo mana da ruwa bene hawa huɗu, jarka a hannun dama, hagu na riƙe da ƙarfen matakala. Ni kuwa har baki nake cikawa a layin famfo, wai aiki ne ya gina min 'ya, ba madarar gwangwani ba. Likita ya ce ta daina ɗaukar nauyi, zai sake dubawa bayan wata uku. In ba sauyi za a cire ta daga tsere, gurbin karatun kuma ya tafi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan duk kun tashi lafiya. Na ga wasiƙarki, kin ce in riƙa ɗauka da kaina. Haka nake yi, amma gwiwata ta lalace. Sai na huta sau uku kafin in kai sama, ita kuma tana tsaye tana kallona. Na hana ta taɓa jarkar, har tsawa na yi mata, abin da ban saba ba.

Jiya na taso aiki da wuri, na same ta a hawa na uku da jarka cike. Ta ce wai kada in damu, ta samo dabara: yanzu da hagu take ɗauka, don kafaɗun su daidaita kafin likita ya duba. Sati biyu ke nan tana yi, tana ta murna.

Tsoro nake ji, Yaya. Na karɓi jarkar, na ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ita ta ƙarasa da ita sama.

Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata.

Taki,
Auta