Sojojin da Suka Ƙi Mutuwa

Zuwa gare ka, hasken idanuna, raɓar safiyar zuciyata, inuwar da nake fakewa, kai da har yau kunya ta hana ni kiran sunanka. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yau kwana arba'in da ɗaya kujerarka babu kowa. Ina zuwa makaranta, ina amsa sunana, ina kwafar darasi sau biyu, ɗaya nawa ɗaya naka. Ban yi kuka ba. Na nema, ya ƙi zuwa. Zuciyata ta zama kamar leɓen da likitan haƙori ya yi wa allura: ina taɓawa, ba na ji.

Ka tuna ranar da aka haɗa mu a madubi ɗaya mai ƙara girman abu a ɗakin gwaje-gwaje, muna duba ɗigon jini? Ka leƙa, ka sake leƙawa, ka ce kai ban da gashin idonka ba ka ga komai ba. Na yi ta dariya har Malama ta harare ni!

Jiya ta koya mana fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. Ta ce idan sun gama yaƙi da cuta, akwai wani sinadari, furotin, da ke ba su umarnin su mutu, su ba sababbi wuri. Akwai wani kuma da ke riƙe su. Idan mai riƙewar ya yi yawa, sai su ƙi mutuwa, su taru su cunkushe jini. Ta faɗi sunan ciwon. Shi ne wanda yayarka ta gaya mini ranar da ta zo kwashe littattafanka. Ni dai na ci gaba da rubutu.

Ashe addu'ata a juye take! Tun da ka kwanta nake roƙon kada ko ƙwaya ɗaya ta jikinka ta mutu. Ina na sani?

Yayarka ta ce ka ƙi karɓar magani zagaye na biyu, wai guba ce, kisa kawai take yi. Gaskiya ne tana kisa, farin watana. Aikin da aka sa ta ke nan: ta isar wa masu taurin kan nan umarnin da suka ƙi ji. Gashi zai zube? Ya zube mana! Bishiya ma tana kaɗe ganye ta sake tohuwa. Ni ba gashinka na gani na so ba.

Ko biro ban taɓa roƙonka ba. Yau ina roƙo: ranar Litinin idan nas ta shigo da ruwan maganin, don Allah ka miƙa mata hannu. In ka miƙa, zan zo in zauna kusa da gadonka har robar ta ƙare, ko da ƙasa za ta tsage in shige don kunyar Ummanka.

Taka har abada, a tsaye kake ko a kwance,
Mai zama a kujerar bayanka.