Katin Rigakafin Ihsan Yana Wurin Kakarta

Kumbiya-Kumbiya, Gombe

Assalamu alaikum Hamma Mu'az,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Adda Bilkis, kuma karatun likitanci yana tafiya daidai a Ibadan. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, amin. Mu nan duk ƙalau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci babu sanda. Ni kuma na shiga aji ɗaya na sakandare, sai dai lissafi yana ba ni wuya.

Hamma, akwai maganar da na kasa faɗa maka a waya. Sau biyu Baba yana miƙo mini, ina gaishe ka in mayar masa. Shi ya sa na rubuta a takarda, zan turo maka hotonta ta waya. Ran Juma'a Baba ya fassara mana sakamakon bincikenka na allurar rigakafi, wato hirar da ka ɗauka da matan unguwarmu lokacin hutu. Ya ce manhajar AI ce ta saurari muryoyin, ta rubuta su, ta kuma fitar maka da bayani cewa 'ya'yan fari ne aka fi bari babu rigakafi, don iyayensu mata ba su ce komai a kansu ba, katinsu ma babu. Ya ce ran Litinin za ka miƙa wa malaminka. Kowa ya yi murna, ban da ni.

Ka tuna Maman Ihsan ta bayan gidanmu? Baba ya ce an rubuta 'yarta ta fari ba ta da kati. To ni da idona na sha ganin kakar Ihsan ta goya ta zuwa asibiti ranar allura. Jiya na daure na shiga wurin kakar. Na tambaye ta katin Ihsan. Ta buɗe wata kwalla ta ciro katin a cikin leda, ya cika har ƙasa. Ta yi dariya ta ce wace uwa ce za ta zauna gaban namiji, ɗan maƙwabta, tana ba da labarin 'yar fari? Ta ce da ka tambaye ta ita, da har ranakun za ta lissafa maka. Daga nan na shiga gida huɗu. A uku katin yana hannun kaka ko goggo. A gidan su Hudu ne kawai da gaske ba a yi masa ba.

Ba na cewa manhajar ta yi ƙarya, abin da ta ji shi ta rubuta. Amma ba ta san kunyar ɗan fari ba, kai kuma na san aiki ya yi maka yawa. Tsorona kada a karanta a can a ce matan unguwarmu ba su damu da 'ya'yansu ba. Don Allah ka roƙi malaminka ya ƙara maka kwanaki. Na ɗauki hoton katunan da izininsu, na rufe sunayen da yatsa. Idan na yi rashin kunya ka yafe mini, ban san komai a likitanci ba. In ka turo sunayen sauran gidajen, zan bi su bayan Islamiyya.

Baba yana gaishe ku, haka Goggo Iklima da Usaini. A gaishe da Adda Bilkis. Na tambayi Dada ko tana da saƙo gare ka, kai ɗanta na fari, ta ce ita ba ta da abin cewa ga wancan. Can kuma ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon kati mai sunanka, ta ajiye kusa da ni, ta ce in ɗauki hotonsa shi ma.

Ƙanwarka,
Najeeba