Tarin Baba

Daren Laraba, Alelu

Yau sakamakon Baba ya fito: tarin fuka ne, ba korona ba. Wata huɗu ke nan yana tari. Da farko shi ya ƙi asibiti, wai kada a killace shi albasa ta lalace a gona. Da muka kai kakinsa Jega kuma, aka ce na'urar asibitin tana gwajin korona, mu jira. Muka jira sati shida.

Ya haɗiye ƙwayoyin farko a gabana, ya ce, "Rabi, ko shekara guda ta, ina sha."

Malamar asibiti ta ce a kawo duk mai tari a gidan. Ɗiyata Hadiza kullum a jikinsa take wuni, kuma tun shekaranjiya take tari. Gobe zan kai ta. Ban gaya wa Baba ba.