Yayan Matata Ya Yanke Mani Tsirkiyoyin Jita, Kuma Ni Ake So In Ba Da Haƙuri

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ka sakaya sunana don girman Allah, waɗanda abin ya shafa ma zan canza masu suna. Don Allah ku ba ni shawara, domin yadda zuciyata ke tafasa in na yanke hukunci ni kaɗai ba zai yi kyau ba.

Ni mutumin Ƙanƙara ne, ina noma masara da waken suya kamar kowa, amma sana'ar da aka san ni da ita kiɗa ce. Ina kaɗa jitar bes, wato babbar jitar nan ta lantarki mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba da sautin ƙasa da kake ji a ƙirjinka in ana waƙa. A yankinmu ba kowa ke kaɗa ta ba, yawanci da fiyano ake yin komai, ni ma a Zariya na koya lokacin da na zauna can. Ina cikin ƙungiyar wani mawaƙi da muke kira Alhaji, muna zuwa bukukuwa Faskari, Yankara, Mairuwa, duk inda aka kira mu, da rana muke yi mu tashi kafin la'asar sakaliya saboda halin da hanya ke ciki. Mai kaɗa mana fiyano kuma mai riƙe da mikisa, wato na'urar da ke ƙara ma kowa sauti ko ta rage, yayan matata ne uwa ɗaya uba ɗaya, zan ce mashi Yaya Nura. Ban taɓa kiran sunanshi gatsau ba, ban taɓa zama bisa kujera shi yana tsaye ba.

Bara muna biki a Mairuwa janaretanmu ya goce daga kan dakalin da aka ɗora shi, yana shirin faɗowa bisa kayan sauti, na kai hannu na tare, ashe salansar janaretan na kama, wato bututun hayaƙin nan mai zafi. Yatsuna na hagu guda biyu suka ƙone ƙwarai, kuma su ne nake danne tsirkiya da su. Na daɗe ina jinya, a lokacin Yaya Nura ya riƙa yin bes ɗin da hannunshi na hagu a fiyano, ban ji komai ba, ai dole aiki ya ci gaba. Da na warke na dawo sai na iske fatar wurin ta zama siririya kamar ta jariri. Tsirkiyar bes da kowa ya sani tana da kaushi, an naɗe ta da waya zagaye-zagaye kamar sufirin, in ka ja yatsa bisanta tana kartarka. Da can yatsuna sun yi kanta ba na ji, yanzu kuwa kafin a ida waƙa biyu fata ta tsage. Na sa filasta tana zamewa, na sa lalle don fatar ta yi tauri, har gam ɗin nan mai kama ƙarfe na taɓa ɗigawa. Akwai ranar da na sauko daga wasa matata ta amshi jitar za ta goge, ta ga jini ya bushe a wuyanta, ta zauna tana kuka tana cewa in bar kiɗan nan haka nan.

Ina gab da bari ɗin, sai muka je Funtuwa ɗaukar waƙa a situdiyo, mai wurin da muke ce ma Injiniya ya ga yadda nake cije baki ina kaɗawa. Ya kama hannuna ya duba, ya ce ai akwai wata irin tsirkiya da ake ce ma filat, ita wayar da aka naɗe ta da ita shimfiɗaɗɗiya ce, babu kaushi ko kaɗan. Ya gaya mani gaskiya cewa sautinta ba ya da ƙara da tsiwa irin na wadda na saba, mai zurfi ne mai taushi, kuma ta fi tauri wajen dannawa, amma in ka sa ta sai ta yi shekaru ba ka canza ba. Ban taɓa ganinta ba a rayuwata. Babu ita a Funtuwa, babu a Katsina, sai da ya sa wani a Kaduna ya yi mana oda daga Legas, na yi ta jira har na fara cire rai, sannan wani direba ya kawo mani ita tasha.

Ranar da na ɗaura su ba zan manta ba. Bayan sallar azahar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance tsofaffin, na goge wuyan jitar tas, na ɗaura sababbin ɗaya bayan ɗaya. Da na shafa yatsa bisansu sai na ji kamar bayan cokali. Na jona ƙaramar sifikata na danna ta farko, sautin ya fito dum, a dunƙule, kamar an bugi babbar ganga da tafin hannu. Na ja yatsa daga sama har ƙasa, babu wannan ƙiii ɗin da ke fita in kana sauya wuri, babu zafi. Na yi ta kaɗawa har aka kira la'asar, na duba yatsuna ko ja ba su yi ba. Matata tana tankaɗe ta aje rariya ta ce, "Abban Hanifa, yau kam har fuskarka ta canza." Wallahi ƙwalla na yi. Da yake sun fi ƙarfin ja, wuyan jitar ya ɗan lanƙwaso bayan kwana biyu, na kai ma Injiniya ya gyara da ɗan makullinshi, ta zauna daram.

Na je gwaji da murnata, ban ida kaɗa waƙa ɗaya ba Yaya Nura ya tsaida kiɗa yana dariya, wai me ya samu jitata take yi kamar ana dukan katifa. Na yi mashi bayani cikin ladabi, na nuna mashi yatsuna. Ya ce shi bai san wannan ba, matasa ƙara suke so, bes ɗin da ba ta cizo ba ta da amfani. Don in yi adalci, akwai ɗan abin dubawa a maganarshi, a fili in sifikun ba su da kyau sautin yana iya nutsewa. Amma gyaran a hannunshi yake, maɓalli ɗaya zai murɗa a mikisa ta fito, na roƙe shi ya ƙi ko gwadawa. Alhaji yana zaune yana ta danna wayarshi. A satin muka koma Funtuwa muka ɗauki sabuwar waƙar Alhaji, da filat ɗin na kaɗa ta tun daga farko har ƙarshe, Injiniya har miƙewa ya yi ya ba ni hannu, ya ce bai taɓa ɗaukar bes mai tsafta haka a ɗakin ba. Yaya Nura na wurin, ya ji da kunnenshi.

Sai bikin Yankara. Ina tsaye cikin rana ina kaɗawa iya ƙarfina, ina jin kaina kaɗan-kaɗan a ƙaramar sifikar da ke gefena, na ɗauka komai lafiya. Da aka tashi mai gangarmu ya ja ni gefe ya ce mani tun waƙar farko Yaya Nura ya kashe layina a mikisa, shi ke yin bes ɗin a fiyano, jama'a ba su ji ko ɗigon abin da na kaɗa ba. Wato wuni guda na yi ina rawa da jita kamar ɗan wasan kwaikwayo, shi da yaranshi suna kallona suna ƙunshe dariya. Na same shi na tambaye shi, bai ma musa ba, ya ce ya ceci bikin mutane ne. Na haɗiye saboda matata.

Kayan ƙungiya duk a shagon Alhaji muke aje su, wani lokacin har da jitata, ko da yake tawa ce ta kaina, ba ta ƙungiya ba. Ana jibi za mu wani biki na je ɗaukar ta, na buɗe jaka. An datse tsirkiyoyina duka huɗun da filaya, gutsattsarin na nan cikin jakar sun warware, an ɗaura wasu tsofaffi masu tsatsa da ban san daga inda aka tono su ba. Kuma wanda ya ɗaura bai iya ba, ya tsaga ɗan farin ƙashin nan na saman wuya da tsirkiya ke hawa, yanzu ta ƙasan ko zama ba ta yi. Da kwance su ya yi ya aje mani, da na mayar da abina. Yankewa ya yi don kada su ƙara amfani.

Yana zaune ƙofar shagon yana shan rake. Na ce Yaya wa ya taɓa mani jita, ya tofar da ɓawo ya ce, "Ni ne. Taimakonka na yi, tunda kai ba ka jin magana." Jama'a ban san sanda murya ta ta ɗaga ba. Na ce mashi azzalumi ne, na ce baƙin ciki yake yi tun ranar da na dawo saboda ya ɗanɗana yin aikin mutum biyu shi kaɗai, na ce hannun nan da yake rainawa wajen ceton kayan da yake taƙama da su ya ƙone. Ban taɓa shi ba, Allah shaida ne, amma mutanen layin duk sun fito sun ji. Na ɗauki jitata na tafi, ban je bikin ba.

Abin da ya ida ƙona mani rai, waƙar da muka ɗauka ta fito kuma ta karɓu, ana ta sa ta a shagunan caji da cikin motocin haya, mutane na tambayar wane irin kiɗa ne wannan mai daɗi a ƙasan waƙar. Sai ga bidiyo an turo mani, Yaya Nura zaune gaban fiyano yana gaya ma wani mai ɗaukar hira cewa shi ya haɗa sautin da hannunshi, wai sirrin sana'a ne. Sautin da ya kira dukan katifa. Na kira Injiniya, ya ce in ina so zai fito ya faɗi gaskiya, yana ma da ɗaukar bes ɗin ita kaɗai a kwamfutarshi, amma in yi tunani tunda abin na gida ne.

To ga inda nake yanzu. Surukata Hajiya ta kira ni, ta ce ta ji duk abin da ya faru kuma ba ta ce ɗanta ya kyauta ba, amma shi ne babba, kuma na zage shi a bainar jama'a, don haka ni zan je in durƙusa in ba shi haƙuri. Na ce mata to Hajiya. Alhaji ya aiko cewa ƙofa a buɗe take, amma in dawo da irin tsirkiyar da aka saba don a zauna lafiya, wato in koma ina zubar da jini don ran wani ya yi sanyi. Ko kalma ɗaya bai ce a kan ɓarnar da aka yi mani cikin shagonshi ba. Wani mawaƙi a garin Sabuwa da ya san ni na kaɗa waƙar ya kira ni, ya ce in zo da duk irin tsirkiyar da na ga dama, shi sautin yake so. Amma kun san hanyar, kuma in na tafi can dangin matata za su ce na koma wajen abokin gasar ɗansu. Ita kuwa matata tana tsakiya, ta daina zuwa gidansu don kada a tsare ta da maganar, jiya ta ce mani ita ba za ta ce in ba da haƙuri ba, amma in tuna nan gaba kaɗan za a yi bikin autarsu a Daudawa, kuma Hajiya ta riga ta gaya ma kowa ni da Yaya Nura za mu yi kiɗan.

Shi kuma har yau bai kira ni ba, bai aiko ba, an ce ma cewa yake in na gama fushin zan kawo kaina.

Ku gaya mani tsakani da Allah, in je in durƙusa ma mutumin da ya yanke mani abin da ya dawo da ni sana'ata, don kawai ya girme ni kuma ina auren ƙanwarshi? In bar Injiniya ya saki ɗaukar nan kowa ya san wanda ya yi ƙarya, ko hakan zai rusa gidana? In amshi tayin Sabuwa? Bikin Daudawa kuma in je in tsaya kusa da shi yana riƙe da mikisa, ko in ce ma Hajiya ba zan iya ba? Masu aure a cikinku musamman nake so su yi magana, da matan da suka taɓa shiga tsakanin miji da ɗan uwa.

Roƙona ɗaya, duk wanda zai rubuto mani cewa ai wayar jita ce kawai, don Allah ya riƙe shawararshi. Na gode.