Na Mayar da Tsohuwar Fitilar

Maigida,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba. Abincinka na cikin kula.

Da ka tambaye ni jiya wace fitilar keke ta fi, na ce sabuwar, kuma gaskiya na faɗa. Tana haska ramuka tun daga nesa, cajinta na kawo ka har gida, masu mota ma suna ganinka. Tsohuwar kuwa haskenta ja-ja ne, ga ƙyaftawa in ka hau gargada.

Sai dai da wannan ƙyaftawar nake gane ka ta taga. Jiya fararen fitilu huɗu suka shigo layinmu, sau uku ina buɗe ƙofa ba kai ba ne. Har maƙwabciyarmu ta ce, "Amarya, yau ke ce mai gadi?"

Ka yi haƙuri, na ciro tsohuwar daga kwandon shara na ɗaura ta kusa da sabuwar. Ɗaurin bai yi ƙarfi ba, ka ƙara matse shi. Ka yi tafiyarka da sabuwar, amma in ka karyo kwanar layinmu, ka kunna tsohuwar.

Don Allah kada ka yi mini zancen nan in na dawo. Ka kunna kawai.