Ƙorafi Kan Sabon Katin Mu'azu Da Sanyin Akurkina

Daga: Asabe Shu'aibu,
Bayan Masallacin Layinmu, Gyaɗi-Gyaɗi.
17 ga Janairu, 2022.

Zuwa ga: Mai Girma Mai Unguwa,
Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Kano.

GAME DA: SAUYA KATIN GIRAFIK BA TARE DA SHAWARA DA KAJI BA

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi, ni bazawara ce mai kiwon kaji, kuma ina kawo ƙarar maƙwabcina Malam Mu'azu, mai haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, da kwamfuta.

1. A watan Yunin bara ya roƙi ya ɗora sola a kan kwanona, don rufinsa ya yi kaɗan. Na amince, bisa sharaɗin zai jawo zafin da injinsa ke fitarwa ta bututu zuwa akurkina. Liman shaida ne. Tun daga nan ban ƙara hura gawayi don ɗumama ƴan tsaki ba.

2. Tsohon katin girafik ɗinsa, wato abin da ke yin haƙar a cikin injin, ɗan halak ne. Yana gurnani kamar injin markaɗe, yana huci dare da rana. Tsakina suka yi ɓul-ɓul.

3. Ranar 9 ga wannan wata, ana tsakiyar sanyi, ya cire shi ya sa sabo. Da na nemi ba'asi, ya zaunar da ni ya kwatanta mini su biyun: wai sabon ya fi saurin haƙa, ya fi ƙarancin shan wuta, kuma ba ya zafi. Wannan na ƙarshen har da murmushi ya faɗe shi, ranka ya daɗe, a gabana.

4. Nawa gwajin bai buƙaci ilimin boko ba. Na sa hannu a bakin bututu, na ji iska kamar ta randa. Babu abin da sabon ya iya sai walƙiyar fitilu ja da kore. Tsakina sun dunƙule a lungu, waɗanda suka mutu na binne su da hannuna, sauran suna cikin kwali a ɗakina an lulluɓe su da zanen sallata. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

5. Yanzu na ji zai kai tsohon katin kasuwar waya ranar Juma'a ya sayar.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya dakatar da cinikin, ya umarce shi ya mayar da tsohon bakin aikinsa, ko da a gefen sabon ne. In ana neman wanda ya san darajar katin, a tambaye ni. Shi har yau jiran tashin farashin kirifto yake, ni kuwa duk Tarauni ni kaɗai na taɓa cin nama daga haƙar nan.

Allah ya ja zamanin Mai Unguwa.

Taka mai biyayya,
Asabe Shu'aibu